Ido Ne Ya Fara Ba Da Shaida

A shekarar 1868, a asibitin Salpêtrière da ke birnin Faris, likita Jean-Martin Charcot ya bambance wata cuta daga sauran cututtukan jijiya, wadda a yau ake taƙaita sunanta da MS. A cikinta garkuwar jiki ce ke cinye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa jinkiri a hanya. Charcot ba shi da na'urar leƙa cikin kai. Alamomi uku ya kafa: makyarkyatar hannu, sarƙewar magana, da kaɗawar ƙwayar ido ba da son mai ita ba.

Likitocin da suka biyo baya sun gano inda gizo ke saƙar. A tushen ƙwaƙwalwa akwai wani siririn zaren jijiya da ke sa idanu biyu su juya tare. In cutar ta taɓa shi, mutum zai kalli gefe, ido ɗaya ya tafi yana kaɗawa, ɗayan ya maƙale bai matso wajen hanci ba, abu ɗaya ya zama biyu. Ganin haka a idanun matashi duka biyu yakan sa likita ya fara zargin MS.

A 1890 likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ya lura gani na dusashewa bayan motsa jiki. Daga baya aka fahimci ɗumin jiki ne sanadi. Har aka yi zamanin da ake tsoma majiyyaci cikin ruwan zafi don tabbatar da cutar, gwaji mai haɗari da hoton MRI, wanda ya fara nuna tabonta a Landan a 1981, ya kawar. Duk mai jinya a ƙasa mai zafin bazara ya riƙe wannan: dusashewar takan lafa idan jiki ya huce.

Magani ne ya makara ƙwarai. Sai a 1997 aka nuna gabapentin na rage wani nau'in kaɗawar idon, ko da yake yana sa barci da jiri. Carbamazepine kuwa, da ake ba wasu masu cutar don zogin fuska, shi kansa kan haddasa gani bibbiyu idan ya yi yawa a jini. Wanda hakan ya same shi kada ya yanke maganin da kansa. Ya kwashi dukkan magungunansa ya kai wa likita.