Toka-tokan da Ke Ƙarƙashin Fenti

Motar da ta fito daga masana'anta tana ƙyalli, akwai wani shafi toka-toka a ƙarƙashin fentinta wanda mai ita ba zai taɓa gani ba. Nauyinsa bai wuce giram biyu zuwa uku a kan murabba'in mita ɗaya ba. Shi ne fosfet. Mu da muka ci abinci a bakin tankunansa mun san abin da masu talla ba su cika faɗa ba: fosfet shi kaɗai ba ya hana tsatsa. Ka bar ƙarfen da aka yi wa shi a waje da damina, ba mai ba fenti, ba za a jima ba zai yi ja. Aikinsa riƙe abin da za a ɗora masa, kamar yadda yaɓe ke kama bango mai kaushi ya ƙi mai santsi. Sai da masu wannan sana'a suka shafe shekaru kafin su yarda da haka.

A Ingila abin ya faro. William Alexander Ross ya yi rajistar dabarar tun 1869, amma wanda ya mai da ita sana'a shi ne Thomas Watts Coslett, mutumin Birmingham, a 1906. Yakan zuba garin ƙarfe a cikin asid ɗin fosforik da aka tsarma, ya tafasa, ya tsoma kayan kamar awa biyu. Asid ɗin yana ɗan cin fuskar ƙarfen, cin da yake yi kuwa yana rage masa kaifi a daidai wurin, sai gishirin fosfet da ke narke a ruwan ya kasa zama narkakke, ya daskare ƙwaya-ƙwaya a jikin ƙarfen. Wato ba shafa shi ake yi ba, daga jikin ƙarfen yake tsirowa. Duk abin da aka ƙaro daga baya, a kan wannan aka ɗora.

Amurkawa ne suka ga kuɗi a ciki. Clark Parker da ɗansa Wyman sun mallaki haƙƙin dabarar Coslett da ta Frank Richards mai amfani da manganis, suka kafa kamfani a Detroit a 1915, a tsakiyar masu ƙera motoci. Har gobe maƙeran bindiga Parkerizing suke kiran aikin. Matsalar ita ce lokaci, don layin haɗa mota ba ya jiran tukunya ta tafasa. A 1929 kamfanin ya fito da Bonderizing, inda aka ƙara ɗan jan ƙarfe a ruwan, aiki ya dawo kamar minti goma. A nan ne manufar ta juya, aka daina neman shafi mai kauri, aka koma neman siriri wanda fenti zai kwanta a kai. Cikin shekarun 1930 aka shigo da naitiret don gaggauta aikin, aka kuma fara fesawa maimakon tsomawa.

Jamusawa sun bi wata hanyar. Fritz Singer ya gano cewa fosfet na tutiya, wato zinki, yana riƙe sabulu da mai, har a iya jan waya ko bututu, ko a matse ƙarfe ba tare da an gasa shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu da wannan suka riƙa yin kwanson harsashi na ƙarfe a madadin tagulla. Amurka kuma ta yi wa bindigoginta fosfet, irin su M1 Garand.

In za a tambaye ni wanda ya fi kowa yi mana amfani, George Jernstedt na kamfanin Westinghouse zan ce, ko da yake ba kowa ya san sunansa ba. Ma'aikata sun daɗe da lura cewa ƙarfen da aka goge da ƙyalle kafin tsomawa ya fi fitowa da ƙwayoyi masu laushi. To wa zai bi jikin mota lungu-lungu da ƙyalle? A farkon shekarun 1940 Jernstedt ya gano cewa ɗauraya a ruwan da ke ɗauke da ɗan gishirin titaniyom tana yin wannan aikin. Ƙwayoyin sai su tsiro da yawa, ƙanana, a matse. Ranar da wannan tankin ya mutu, tun kafin a kai samfuri ɗakin gwaji za ka ji kaushin a yatsanka.

Gishirin da ake barbaɗawa a titunan Turai da Amurka don narka ƙanƙara ya riƙa cinye motoci daga ƙasa, masu saye suka yi ta ƙorafi. A ƙarshen shekarun 1970 aka koma tsoma jikin mota gaba ɗaya a wani sabon nau'in fentin da lantarki ke mannawa. Sai dai wannan fenti yana tara alkali a fuskar ƙarfen, alkalin kuma yana narkar da tsohon fosfet. Dole aka rage tutiya, aka ƙara nikel da manganis. Wannan haɗin na ƙarafa uku shi ya mamaye masana'antun mota tun daga shekarun 1980, minti uku a ruwa mai zafin digiri hamsin ko kusa da haka.

Aikin yau da kullum ba shi da wani kwarjini. Ka ɗebi mililita goma daga tanki, ka ɗiga maganin da ke canza launi, ka ƙirga maki na jimillar asid da na sakakken asid. In sakakken ya yi yawa, ƙarfe zai ciwu ba shafi. In ya yi kaɗan, laka ta cika tanki ta toshe bututu. Kwashe wannan laka, Allah ya sani, ba wanda ke rububinsa. Amma yawancin ɓarnar da na gani daga tankin farko take, na wanke maiƙo. Gwajinsa ko kwabo ba ya ci: zuba ruwa. In ya shimfiɗu, ƙarfe ya wanku. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran mai.

Yanzu kasuwar na sauyawa. Tarayyar Turai ta hana kuromiyom mai guba, wanda a da ake ɗauraya ta ƙarshe da shi, a sababbin motoci daga 2007. Nikel ma ana harararsa, ga alminiyom da ya yawaita a jikin mota yana ƙara laka. Manyan da suka rage, Henkel da ta saye Parker a 1987, da Chemetall da BASF ta saya a 2016, suna tura shafin zirkoniyom, wanda ba ya buƙatar zafi sosai, lakarsa kuma kaɗan ce. A ganina zai ƙwace layin fenti. Amma a giyar mota, da sassan inji masu gugar juna, da wajen jan waya, ban ga abin da zai ture fosfet nan kusa ba.

A nan gida, mai walda yakan gama ƙofa ya watsa mata jan fenti a kan mai da tsatsa, damina biyu ta fara ɓarewa, a ce fentin ne jabu. Ƙannena masu walda, ba sai kun gina tankuna ba. Ku wanke maiƙon, ku kankare tsatsar, ku shafa ruwan fosforik irin wanda ake sayarwa don kashe tsatsa, ku bari ya bushe sarai kafin buroshi ya taɓa ƙarfen. Mai ba da aiki kuma ya yarda ya biya kuɗin wannan yinin.