RUWA ƊAYA, AIKI GOMA

'Yar uwa, ke da kike tattalin ruwan ɗauraya don ki wanke tsakar gida da shi, zo ki ji labarin wasu maza da suka riga mu wannan dabara da shekaru fiye da 800.

A garin Kantabari na ƙasar Ingila an yi wani babban gidan ibada na ruhubanawan Kirista, wato mazan da suka bar aure da dukiya suka tare wuri guda don bauta. Mutane da yawa a gida ɗaya, ga girki, ga wanki, ga marasa lafiya, ai kin san ruwan rijiya kaɗai ba zai ɗauke su ba.

Shugaban gidan mai suna Wibat, wanda ya rasu a 1167, shi ya nemo mafita. Ya sa aka janyo ruwa daga wani idon ruwa da ke bayan gari ta cikin bututun dalma. Kafin ruwan ya shigo gida sai ya ratsa tankuna 5, a kowanne laka ta kwanta, tatacce ya wuce gaba. Da isowarsa sai ya hau wata hasumiya inda suke wanke hannu, daga nan ya rarrabu zuwa madafa, gidan burodi, wurin wanka da sashen majinyata. Abin da ya yi saura ya gangara tafkin kifi. Ruwan da aka gama aiki da shi kuma ba a barinsa haka nan, shi ne zai bi ta ƙarƙashin masai ya kwashe ƙazanta.

Wajajen 1165 aka zana taswirar hanyoyin nan, kowane irin ruwa da launinsa. Tana nan ajiye a Kambirij, hasumiyar ma tana tsaye har yau.

To amma fa ga inda gizo ke saƙar. Ina ƙazantar take zuwa? Gwalalon ganuwar gari. Su suna ciki tsaf-tsaf, warin kuwa na mutanen waje ne.

Don haka 'yar uwa, mu ɗauki tattalinsu, mu bar musu wancan. Kafin ki tuntsurar da bahon wankin nan a rariya, daure ki leƙa ki ga ƙofar wa zai je ya kwanta.