Doug Williams da Gurbin da Aka Hana Baƙar Fata

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta, akwai ɗan wasan da komai ke bi ta hannunsa, shi ne kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, ya duba tsayuwar abokan hamayya, ya yanke shawarar wanda zai jefa wa. Shekara da shekaru masu ƙungiyoyin gasar NFL suna ɗaukar wannan aiki na ƙwaƙwalwa ne, wai don haka na Turawa ne. Baƙar fata komai gwanintarsa a jami'a, da ya shigo galibi sai a sauya masa gurbi. Haka aka yi wa Marlin Briscoe bayan ya jagoranci Denver a 1968. Warren Moon kuwa sai Kanada ya tsallaka.

Doug Williams, ɗan garin Zachary a jihar Louisiana, ya goge ne a Grambling, jami'ar baƙaƙen fata, a hannun koci Eddie Robinson. A 1977 ya zo na huɗu a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Shekarar da ta biyo baya Tampa Bay ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasan NFL, na 17, bisa shawarar wani mataimakin koci mai suna Joe Gibbs.

Tampa a lokacin abin dariya ce. Cikin shekara biyar Williams ya kai ta wasannin neman kofi sau uku, amma albashinsa dala 120,000 ne a shekara, ƙasa da na wasu masu ɗumama benci a wasu ƙungiyoyin. Ya nemi 600,000, mai ƙungiyar, Hugh Culverhouse, ya cije a 400,000. Williams ya tattara nasa ya nasa ya koma gasar USFL, kishiyar NFL. Rowar ta yi wa Tampa tsada, don ba ta sake leƙa wasannin neman kofi ba sai 1997.

Da USFL ta wargaje, Gibbs, wanda ya riga ya zama babban kocin Washington, ya kira shi a 1986 ya zama ɗan jiran ko-ta-kwana. Daga benci ya taso har ya jagoranci ƙungiyar zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl da Denver ranar 31 ga Janairu, 1988. Ana gobe wasa yana kan kujerar likitan haƙori. Da aka fara, Denver ta yi gaba da maki 10, shi kuma ya murɗe gwiwa. Ya dawo fili, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci ya yi jifa huɗu da suka zama ci, Washington ta tara maki 35 a zango guda. An tashi 42 da 10, aka ba shi gwarzon wasa, kwatabak baƙar fata na farko da ya fara wasan kuma ya ci kofin.

A 1998 ya koma Grambling ya gaji kujerar Robinson.