Sidcup, Garin da Aka Koyi Gyaran Fuska

Yaƙin Duniya na Ɗaya yaƙin cikin rami ne. Daga 1914 zuwa 1918 sojoji suka yi ta zama a ramukan da aka haƙa tun daga gaɓar tekun Beljiyam har iyakar Suwizalan, kuma duk wanda ya ɗago kai don ya leƙa, fuskarsa ce ke fara haɗuwa da harsashi. Hular kwanon da aka raba musu ta ceci rayuka, sai dai ƙoƙon kai kaɗai take rufewa. Ga samari nan suna dawowa da ransu, amma wani babu hanci, wani babu haɓa, wani muƙamuƙinsa ya ragargaje yana reto. Abin da yawancin likitocin fiɗa suka iya a lokacin shi ne su jawo fata su ɗinke ramin. In ya warke, baki ya karkace, mutum ba ya iya tauna, ba a gane maganarsa.

Wanda ya fara nuna wata hanya ba likitan fiɗa ba ne, likitan haƙori ne. Charles Valadier, Bafaranshen da ya tashi a Amurka, ya kafa kujerar aikin haƙori a cikin motarsa ƙirar Rolls-Royce da kuɗin aljihunsa, daga baya aka ba shi sashen masu raunin muƙamuƙi a Wimereux, kusa da Boulogne. Da yake ba a yarda ya yi tiyata shi kaɗai ba, a 1915 aka haɗa shi da wani matashin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ɗan ƙasar Niyu Zilan, Harold Gillies, don ya sa masa ido. Mai sa idon ne ya koma ɗalibi.

Abin da likitocin haƙori suka sani, wanda sauran suka raina, shi ne cewa haƙora su ne ma'aunin fuska. Idan na sama da na ƙasa suka haɗu yadda suke haɗuwa kafin rauni, to ƙashin ya koma mazauninsa. Don haka sai a ɗaure su da waya ko a ƙera musu abin riƙo na ƙarfe, ƙashi ya kama, sannan a yi maganar fata. A wani asibitin soja da ke Camiers, Varaztad Kazanjian, Ba'armeniyen da ya karanta aikin haƙori a Harvard, ya yi wa sojoji kusan 3,000 irin wannan aiki.

Gillies ya koma Ingila ya matsa wa hukumar soja lamba har aka ba shi ɗaki a asibitin Aldershot a farkon 1916. Ya sayi takardun alama da fam 10 na aljihunsa, ya sa adireshinsa, ya aika fagen yaƙi a riƙa maƙala wa duk mai raunin fuska. Da aka fara gumurzun Somme a watan Yuli, an shirya wa mutum 200, sai kusan 2,000 suka iso. Wuri ya yi kaɗan. A 1917 aka buɗe Asibitin Sarauniya a Sidcup, kudu maso gabashin Landan, aikinsa fuska kawai, inda zuwa 1925 aka yi tiyata fiye da 11,000 a kan mutane sama da 5,000.

Babban abokin aikinsa a can ma likitan haƙori ne, William Kelsey Fry, wanda ya zo da darasi mai ɗaci daga fagen daga. Ya taɓa rako wani hafsa mai karyayyen muƙamuƙi, yana tafe a sunkuye, ya miƙa shi ga masu jinya. Su kuwa suka kwantar da shi rigingine, harshe ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro, ya rasu. Har yau hanyar numfashi ake fara dubawa ga mai irin wannan rauni kafin komai.

Sa barci ma matsala ce, tunda abin shaƙar da ake kifawa a hanci da baki yana zaune daidai inda wuƙa za ta yi aiki. Likitocin sa barci Ivan Magill da Stanley Rowbotham suka ƙware wajen zura bututun roba ta hanci zuwa maƙogwaro, dabarar da har yau ake amfani da ita a ɗakunan tiyata.

Sai ruɓa. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin fenisilin tukuna, kuma fatar da aka yanko daga wani wuri takan mutu ko ta yi mugunya. A 1917, yana yi wa Willie Vicarage aiki, wani sojan ruwa da ya ƙone a yaƙin Jutland, Gillies ya lura gefunan fatar da ya ɗago daga ƙirji suna nannaɗewa da kansu. Sai ya ɗinke su suka zama bututu, kamar mariƙin akwati, jini na gudana a ciki, ɗanyen gefen a rufe. Bayan makonni a yanke ƙarshe ɗaya a dasa shi gaba, a haka fata ke tafiya zango-zango har ta kai fuska. Wani likitan ido a Odessa, Vladimir Filatov, ya gano wannan dabara shi ma a kusan lokaci guda.

Aiki ne da ba ya son gaggawa. Wani matuƙin jirgin sama, Henry Lumley, ya rasu a 1918 bayan an yi ƙoƙarin sake masa fatar fuska gaba ɗaya a zama guda, alhali jikinsa bai yi ƙwari ba. Daga nan Gillies ya riƙa rarraba aiki, wasu majinyatan suka shekara biyu ko uku ana yi musu kaɗan-kaɗan.

Jinyar kanta wani yaƙi ce. Abinci sai mai ruwa-ruwa. An hana madubi a ɗakunan kwanciya. A cikin gari kuwa an shafa wa wasu bencina shuɗin fenti, alamar cewa wanda ke zaune a kai zai iya firgita mai wucewa. Tausayi ne, amma irin wanda ke ware mutum daga jama'a. An koya wa da yawa sana'o'i, kamar kiwon kaji da yin kayan wasan yara, don an san ba kowane mai ɗaukar aiki zai iya kallonsu ba.

Gillies ya tattara abin da aka koya a littafinsa na 1920 kan tiyatar fuska, ɗan'uwansa Archibald McIndoe kuma ya ɗora a Yaƙin Duniya na Biyu da matuƙan jirgin da suka ƙone. Reshen wannan ilmi ya kai har Sakkwato, inda tun 1999 akwai asibiti na musamman don cutar Noma, mai zaizaye kumatu da leɓɓan yara masu fama da tamowa. A can ma likitoci kan saki muƙamuƙin da tabo ya ƙulle, su ɗauko fata daga wani sashen jiki su cike gurbin, sau da yawa a tiyata fiye da ɗaya.