Daga ashana zuwa LED: tarihin wutar gingimari

1/ Duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi da dare ya sha cin karo da motar kaya tana walwali kamar gidan biki. Bari mu ɗan koma baya.

2/ Motocin farko a Turai da Amurka, ashana ake ƙyasta wa fitilarsu, injin kuma da hannu ake murza shi. A 1912 Cadillac ta fito da sitata da fitilun lantarki.

3/ A nan, zamanin Bedford da Marsandi 911 masu bodin katako, fasinjan baya duhu yake sha, sai tocilan yaron mota.

4/ Yanzu LED ta yi arha, kowa na ƙari. Amma yawancin manyan motoci batir biyu suke haɗawa, volt 24. Ka ja wutar 12 daga guda ɗaya, shi zai riga mutuwa.

5/ Mafi muni, fis. Aikinsa ya ƙone kafin waya ta yi zafi. Idan ya ƙone, wasu riwaya sai su naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa. To wayar nan ƙarƙashin katako take bi, ga buhunan gero jibge a kai.