Shafuka Biyu da Suka Ɓace: Jaridar 'Yan Makaranta a Gaban Kotun Ƙolin Amurka

A watan Mayun 1983, ɗaliban makarantar sakandare ta Hazelwood East, da ke gefen birnin St. Louis a jihar Missouri ta Amurka, suka karɓi jaridar makarantarsu mai suna Spectrum kamar yadda suka saba. Waɗanda suka rubuta ta, wato 'yan ajin koyon aikin jarida, su ne suka fara lura da cewa da walakin: shafi shida suka shirya, shafi huɗu suka dawo daga maɗaba'a. Ba a shawarce su ba, ba a kuma sanar da su ba. Waɗannan shafuka biyu da suka yi layar zana su ne suka yi tafiyar kusan shekara biyar har zauren Kotun Ƙoli, kuma hukuncin da aka yanke a kansu shi ne har yau yake shata iyakar abin da ɗalibi zai iya bugawa a jaridar makarantar gwamnati a yawancin jihohin ƙasar.

Koyar da aikin jarida a sakandare tsohuwar al'ada ce a Amurka. Tun cikin shekarun 1920 aka kafa ƙungiyoyin da ke kula da jaridun ɗalibai, ciki har da Quill and Scroll, wadda George Gallup ya assasa a 1926, mutumin da daga baya ya shahara wajen auna ra'ayin jama'a. Abin da ake koyarwa bai wuce tushen sana'ar ba: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina, don me; a tabbatar da suna kafin a rubuta shi; a ji ta bakin kowane ɓangare. Sai dai labaran da ake gwada wannan ilimi a kansu ba su cika wuce sakamakon wasanni da bukukuwan makaranta ba. Wanda ya taɓa tsayawa a taron safe na sakandare a nan gida, yana sauraron 'yan ƙungiyar jarida suna karanta labarin duniya kaf ban da labarin abincin da aka ba su jiya, ya san irin wannan jarida.

Al'amura sun sauya ne da wata shari'a da ba ta jarida ba. A watan Disamban 1965, wasu ɗalibai a birnin Des Moines na jihar Iowa, cikinsu da Mary Beth Tinker mai shekara 13, suka je makaranta ɗaure da baƙin ƙyalle a dantse don nuna adawa da yaƙin Biyetnam. Aka dakatar da su. A 1969 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta ba su gaskiya. Ma'anar hukuncin ita ce 'yancin faɗin albarkacin baki ba takalmi ba ne da ɗalibi zai tuɓe a bakin ƙofa. Hukumar makaranta ba za ta hana shi magana ba sai in maganar za ta hargitsa karatu ƙwarai ko ta tauye haƙƙin wasu. Malaman aikin jarida suka ɗauki wannan a matsayin garkuwa. Zamanin kuma ya taimaka, domin a 1974 Shugaba Nixon ya sauka daga mulki kan badaƙalar Watergate, wadda 'yan jarida suka taka rawa wajen tono ta. Yara suka fara ganin cewa alƙalami ba na yabon gwarzon ƙwallo kaɗai ba ne.

A cikin wannan yanayi 'yan ajin Hazelwood suka rubuta labarai biyun da suka jawo rikici. Na farko hira ce da wasu ɗalibai mata uku na makarantar da suka yi ciki, an sakaya sunayensu. Na biyu a kan yadda mutuwar aure take shafar yara, inda wata ɗaliba ta koka da halin mahaifinta kafin rabuwarsa da mahaifiyarta. Malamin da ya jagoranci aikin ya bar makarantar a ƙarshen Afrilu, wani sabo ya karɓi ajin jaridar tana dab da kammaluwa. Shi ne ya kai wa shugaban makarantar, Robert Reynolds, shafukan ya duba, kwana uku kafin ranar fitowa, kamar yadda aka saba yi.

A nan ya kamata mai nazari ya yi adalci, domin sau da yawa ana ba da labarin nan kamar tatsuniyar kura da 'yan awaki. Hujjojin Reynolds ba na banza ba ne. Ya ce masu ciki a makarantar ba su da yawa, saboda haka sakaya suna ba zai hana a gane su daga bayanan da ke cikin labarin ba. Ya ce mahaifin da aka zarga ba a ba shi damar kare kansa ba. Ya kuma ga cewa zancen jima'i da hana ɗaukar ciki ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi. Hujja ta farko da ta biyu, in aka duba da kyau, su ne ainihin darussan da ajin aikin jarida yake wanzuwa dominsu: kare wanda ya amince ya yi maka magana, da jin ta bakin wanda ake tuhuma. Edita nagari a kowace jarida zai iya mayar da labarin ga mai rahoto da waɗannan tambayoyi biyu.

To amma Reynolds bai mayar da labarin ga kowa ba. Yana ganin lokaci ya ƙure, zangon karatu ya zo ƙarshe, sai ya ba da umarni a cire shafukan biyu ɗungurungum, har da wasu labaran da shi kansa bai ga aibinsu ba, kamar na auren ƙuruciya da na yaran da ke gudu daga gida. Bai ma san cewa sabon malamin ya riga ya goge sunan yarinyar da ta yi maganar mahaifinta ba. A ganina nan ne kuskuren yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma shi sauke kayan ya yi. Da ya kira yaran ofishinsa na rabin sa'a, da sun fita da darasin da ya fi na zango guda.

Uku daga cikin ɗaliban, a gabansu Cathy Kuhlmeier, suka kai ƙara. Kotun farko ta ba makaranta gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, sannan a ranar 13 ga Janairun 1988 Kotun Ƙoli ta raba gardama da alƙalai biyar a kan uku. Kujera ɗaya ba kowa a kanta a lokacin. Mai Shari'a Byron White, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya bambanta baƙin ƙyallen Tinker da jaridar Spectrum. Ƙyallen maganar ɗalibi ce ta ƙashin kansa. Jaridar kuwa aikin aji ce, ana ba da maki a kanta, kuma hukumar ilimi ce ke ɗaukar nauyinta: kuɗin bugu a shekarar ya haura dala 4,600, cinikinta bai kai dala 1,200 ba. Don haka makaranta tana da ikon tace abin da ke ciki muddin tana da dalili mai ma'ana da ya shafi koyarwa. Mai Shari'a William Brennan ya saɓa da kakkausan harshe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cewa an yi wa yaran alkawarin koya masu 'yancin jarida, sai aka koya masu akasinsa a aikace.

Matsalar hukuncin tana cikin faɗinsa. Dalilin koyarwa riga ce mai yalwa, kusan kowane uzuri yana iya shiga cikinta, har da na shugaban da kawai yake son a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya fi shan wahala kuwa shi ne malami, domin da safe yana koya wa yara su tambayi mai iko, da rana kuma mai ikon ne ke duba takardar aikinsa.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin Kotun Ƙoli ba ta hana jihohi ƙara wa ɗalibansu kariya ba. Kalifoniya tana da irin wannan doka tun 1977. Iowa ta yi tata a 1989, Colorado a 1990, Kansas a 1992, wasu kuma suka biyo baya a hankali.

Amfanin dokar Kansas ya fito fili bayan shekara ashirin da biyar. A 2017 aka naɗa sabuwar shugaba ga makarantar sakandare ta garin Pittsburg da ke jihar, sai 'yan jaridar makarantar, Booster Redux, suka ɗauki aikin gabatar da ita ga ɗalibai, aikin da ba a tsammanin komai a cikinsa. Suna bin darasin farko na aji, wato tabbatar da kowane bayani, sai suka kasa samun shaidar cewa jami'ar da ta ce ta ba ta manyan digirorinta tana da amincewar hukuma. Ɗalibai shida suka shafe makonni suna buga waya suna aika wasiƙu, suka kuma yi hira da ita kanta don jin ta bakinta, abin da aka ce 'yan Hazelwood ba su yi wa mahaifin nan ba. Malamar da ke kula da jaridar tana cikin kwamitin da ya ɗauki shugabar aiki, saboda haka ta janye hannunta daga labarin, yaran suka nemi shawarar ƙwararrun 'yan jarida daga waje. Labarin ya fito a ƙarshen Maris. Kwana huɗu bayan haka sabuwar shugabar ta ajiye aiki.