Laifin da Ake Ɗora wa Tobo: Nazari kan Raguwar Ƙarfin Injin Dizal

Da zarar motar dizal ta fara kasala a kan hawa, ko ta kasa jan kayan da ta saba ja, hukuncin da aka fi yankewa a gareji shi ne “tobo ya mutu”. Hukunci ne mai tsada, kuma sau da yawa ba a gwada komai ba aka yanke shi.

Na'urar nan, wadda injiniya Alfred Büchi na ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya ta farko, ta biyu kuma ta riƙa cusa iska cikin silinda, suna zagayawa fiye da sau 100,000 a minti. Ke nan tobo ba shi da ƙarfin kansa. Idan mai bai isa ba, hayaƙi zai yi rauni, tobo ya rage gudu, iska ta ragu, kwamfutar mota ta rubuta lambar P0299, wato ƙarancin matsin iska. Lambar ba ta yi ƙarya ba, amma alama ta faɗa, ba ta nuna mai laifi ba. Makaniken da ya karanta ta ya tura mai mota kasuwa neman tobo, ya bar jaki yana dukan taiki.

Shaidar farko hayaƙi ne. Idan baƙi ne wuluk lokacin da aka taka totur, man ya fi iskar yawa, sai a bi hanyar iska tun daga bakinta. Ƙurar hunturu kan toshe matatar iska tun lokacin canjinta bai yi ba. Daga nan sai tiyon da ya tashi daga tobo zuwa intakula, wato na'urar sanyaya iska: tsagar da ba a gani idan inji na tsaye takan buɗe idan matsi ya hau, a ji shuu a kan hawa, a kuma tarar da jiƙon baƙin mai a gefen wurin. Akwai kuma bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa. Idan kunkunniya ta maƙale shi a buɗe, injin hayaƙinsa yake shaƙa maimakon iska.

Rashin ƙarfi ba tare da hayaƙi ba ya fi wuyar sha'ani, domin ko dai mai ne bai isa ba, ko kwamfuta ce ta rage shi da gangan. Injinan zamani, irin 1KD-FTV na Toyota Hilux, suna tara mai a bututu guda a matsin da kan kai 1,600 ko fiye a ma'aunin bar. Matatar mai da ta cika da datti ko ruwa tana iya ciyar da inji a tsaye, ta kasa idan an ɗora masa nauyi, sai lambar P0087 ta bayyana. Saboda haka gwajin da aka yi mota na ajiye a inuwa bai cika gwaji ba. Dole a jona na'urar bincike, a hau titi, a kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu, na mai da na iska duka, a lura da wanda ya fara sauka. A ganina wannan kwatanci ya fi jerin lambobin kuskure amfani nesa ba kusa ba.

Wata alama kuma direbobi ne suka fi saninta: mota ta rasa ƙarfi kwatsam a tsakiyar tafiya, a kashe ta a sake kunnawa, ƙarfi ya dawo kamar ba a yi ba. Ƙarfen da ya karye ba ya warkewa da murɗa makulli. Kwamfuta ce ta ga abin da ya wuce iyaka ta takura injin don kare shi. A tobo mai fikafikai masu motsi, kunkunniya kan kafe fikafikan a rufe, matsi ya wuce ƙima, a sami P0234. Wanki da gyaran abin da ke motsa su kan wadatar.

Ɓangaren salansa yana da nasa tarihin. Tun daga ƙa'idar Euro 5 ta 2009, ƙananan motocin dizal na Turai suna ɗauke da matatar da ke kama kunkunniya a salansa, an kuma ƙera su ne don mai wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Nijeriya kuwa ta yi shekaru tana amincewa da har kashi 3,000, lamarin da rahoton ƙungiyar Public Eye na 2016 ya fallasa game da man da ake kawowa Afirka ta Yamma. Matatar tana buƙatar zafi wajen digiri 600 kafin ta ƙone kunkunniyar da ta tara, abin da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari ba sa bayarwa. Idan ta toshe, hayaƙi ba ya samun mafita, farfela ta rage gudu, sai laifi ya sake komawa kan tobo.

Ba wai tobo ba ya lalacewa ba ne. Shaidarsa a fili take: sanda mai lilo har farfela na gogar bango, haƙoran farfela da suka gutsure, kuka mai kama da jiniya, shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai. Sai dai ko a nan akwai tambayar abin da ya kashe shi. Galibi baƙin mai ne da ya daɗe ba a juye ba, ko siririn bututun da ke kai masa man ya toshe, ko kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, wanda ke sa man ya ƙone a kan sanda. Wanda ya ɗaura sabo bai duba bututun ba, sabon ma ba zai daɗe ba. Wajibi ne kuma a kwance intakula a wanke man da ya taru a ciki, domin injin dizal na iya zuƙar man nan ya ƙone shi, ya yi ta gudu ko an zare makulli, har sai an toshe masa hanyar iska.